Kai da Ƙafa Rabon Mma Lariba Ne

Jiya wani daga cikinku, mai askin nan da aka zana wa layi a gefe, ya tsaya gaban teburina yana danna waya, ya ce, "Baba, ai kai ka huta. Ka ɗora, ka juya, ka barbaɗa yaji, ka karɓi kuɗinka, sidi kan sidi." Na ce to, ga mafici, ga wuta, zo kai ma ka huta. Kafin in gama wasa wuƙa hayaƙi ya sa shi hawaye, ya ƙona mini fiffike guda, sai ya tuna wai ana kiransa a gida. Shi ya sa yau da na gan ku kun cika mini benci ba mai niyyar sayen komai, na ce bari in ba ku amsar tambayoyin nan biyu da kuke damuna da su: me ya sa zabina ba su da kai, me ya sa kuma ake ce mini Baba Opete. Opete da Tonanci, yaren mutanen Asante, ungulu ke nan. Sunan da ubana ya raɗa mini Isaka, amma ku ci gaba da kiran wancan, ina amsawa.

Kwandon zabi na farko da na taɓa ɗauka a kaina, a tashar motocin arewa ne, ina bayan maigidana Baba Gariba, Allah ya jiƙansa. Motar Bolga ta iso da hantsi, zabi na ta kururuwa a saman kaya, wasu sun riga sun galabaita da zafin hanya. Ni ina zaɓen manya masu kyan zane. Baba Gariba ya doke mini hannu. Ya ce, "Zane za ka gasa wa mutane?" Ya kama ɗaya, ya sa yatsana a ƙarshen ƙashin ƙirjinsa, ya ce in danna. Idan ya lanƙwasa, matashi ne, zai yi taushi. Idan ya tsaya ƙyam, tsoho ne, ko ka kwana kana gasa shi haƙorin mutum zai ci. Ya koya mini in hura gashin ƙirji in ga launin fata, in duba ido, in shinshina baki. Bayan girbin gero zabi kan zo da ƙiba. Da damina kuwa suna ƙwai, manoma ba sa son sayarwa, wanda za ka samu ƙashi ne da gashi, ga tsada. Duk wannan tun ba ka kunna wuta ba ke nan.

Wutar ma karatu ce. Rabin durom ɗin nan da kuke gani, da ragar da ke kansa, da katakon yanka da tsakiyarsa ta lotsa, su ne ofishina. Gawayin kirya ko na kaɗanya nake saye, mai nauyi, wanda in ka buga biyu za su yi ƙara kamar ƙarfe. Gawayin banza ya tashi fuu ya mutu, ya bar maka toka a kan nama. Zabo ba kaza ba ne, ba shi da kitsen da zai kare shi, ka yi masa gaggawa ya bushe ya zama takalmi. Ta baya ake tsaga shi, a buɗe, a danne da tafin hannu har ƙirjin ya yi ƙas, a shafa gishiri da man gyaɗa, a fara da gefen ƙashi a nesa da tsakiyar wuta, a rufe da takardar siminti ya yi gumi. Yaji sai a ƙarshe, don ƙuli-ƙulin da ke ciki ba ya son wuta, ɗaci yake yi. Citta, barkono, kimba, masoro, kanumfari, kowa ya san su. Yawan kowanne ne ba zan gaya muku ba, ko matata a turmi kawai take ganinsu. Na yi shekaru ina fifita wa Baba Gariba wuta kafin ya yarda in juya tsuntsu ɗaya da hannuna.

Amma akwai aikin da mai gashi ba ya yi, shi ne figa. Mu mukan yanka da sassafe, mu fuskanci alƙibla mu yi bisimilla, sannan a kai wa mata su fige. A nan Ayigya Zango, cikin Kumasi, mai fige wa Baba Gariba ita ce Mma Lariba. Mijinta lebura ne a kasuwar katako, gungume ya faɗo masa, ya bar ta da 'ya'ya da tukunya ɗaya babba. Ku da kuke ganin figa wasa ce, ku je ku gwada. Ruwan in ya tafasa fata ta yage, tsuntsu ya lalace, in bai yi zafi ba gashi ya ƙi fita. Ita da gwiwar hannu take gwadawa. Ta fige, ta babbake, ta wanke, ba za ka ga tsinken gashi ko ɗaya ba. Ladanta kuwa tun kafin a haife ku an yanke shi: ban da ɗan abin da ake ba ta a hannu, kai da ƙafa da hanji nata ne. Ƙundu da hanta namu, muna yin tsire da su. Ita takan gyara kawunan da ƙafafun, ta ɗan soya, ta kai kasuwa da safe, masu miya su saya. Da wannan ta biya haya, da wannan ta yi wa 'ya'yanta makaranta.

Ranar da Baba Gariba ya sallame ni, ya ba ni wuƙa da dutsen wasa ta, ya ce abu biyu. Kada in sayar da abin da ya kwana ba tare da na faɗa wa mai saye ba. Kuma kai da ƙafa na mai figa ne, ba kyauta nake yi mata ba, haƙƙinta ne, in na taɓa na ci haram. Ya faɗa yana sakace, ko kallona bai yi ba.

Wurin nan da muke zaune na Maame Serwa ne, mai shagon kayan masarufin nan na bayana. Batoniya ce ta ainihi, wato 'yar Asante, amma a bakin Zango ta girma, tana jin Hausa, tana kuma zagi da ita in ta ga dama. Ita ta ba ni gaban shagonta na kafa tebur. Wuri ne mai albarka. 'Yan jami'a suna saukowa da yamma, wanda zai ɗanɗana sau uku ya sayi cinya ɗaya. Direbobin tirotiro, ƙananan bas ɗin hayan nan, da yaransu suna tsayawa. Akwai ma'aikatan asibiti da ke tahowa tun daga Bantama saboda yajina. Akwai masu saye su shiga wancan gidan da ake kiɗa, ban tambaye su abin da suke korawa da shi ba. Da teburin nan na yi aure, da shi na kai mahaifiyata Makka.

To, garin nan kun san shi da labarin dabbobi. Tun ina yaro ake cewa wani attajiri yana da maciji a ɗaki mai aman kuɗi. Na ga ranar da aka fito da mesa daga gidan wani mai sayar da masara a Buokrom, gari ya taru ana cewa ga asirinsa ya tonu. Da aka farka cikinta ɓeraye aka samu, ɗakin ajiyar masara take gadi ba a biyanta. An ce masu tsire suna gasa kare, an ce kyanwa, an ce duk unguwar da mai tsire ya sauka maguna sukan ƙare. Muna ji muna dariya, don kowace shekara da irin nata. Ban san akwai wanda aka ɗinka daidai wuyana ba.

Shekarar da abin ya faru, wani ya ɗauki bidiyo a bolar bayan Zango. Ungulaye ne a zube, matattu, an yanke musu kai da ƙafa. Muryar da ke cikin bidiyon tana cewa da Tonanci da Turanci a gauraye: ku dubi abin da abochi ke ciyar da ku, shi ya sa ba kwa ganin ungulu a sama yanzu, shi ya sa zabin da kuke saye ba su da kai. Abochi kuwa mu ke nan, duk ɗan arewa mai wuƙa. Kafin Juma'a ta zagayo bidiyon ya shiga kowace waya. Wani ya ƙara da hoton teburina, don nawa ne mafi kusa da bolar. Gidan rediyo suka buɗe layi, kowa ya bugo yana cewa shi dama ya daɗe yana zargi, naman ya cika duhu. Jama'a, naman zabo dama duhu gare shi! Tsuntsu ne mai gudu da tashi, ba kazar gidan gona ba ce da ke zaune tana jiran abinci.

Na je bolar da kaina da hantsi, na toshe hanci, na juya su da sanda. Ga ƙirji, ga cinya, ga komai, ba a taɓa ba, ko gashi ɗaya ba a fige ba. Kai da ƙafa kawai aka ɗauke. Ku da kuka yi makaranta ku gaya mini, wanda zai sayar da nama shi ne zai zubar da naman ya tafi da kai? Na wuce mahauta na tambayi abokaina, suka ce ai sun daɗe suna gani. Wasu mutane ne ke zuwa su zuba guba a tumbi, su ajiye a bayan katanga, ungulaye su ci su zube. Kan ake so, ana kai wa masu tsubbu. Wai ungulu tana hango abu daga nesa, don haka wanda ya yi turare da kanta zai hango lambar loto, ko ya ci zaɓe, ko ya ci shari'a. Gangar jikin ba ta da mai saye, sai a cusa a buhu a jefar a bolar da ta fi duhu, bolar Zango ke nan, inda ba mai tambaya. Wannan ita ce gaskiyar maganar, kuma har gobe ana yi. Su suna ɗaukar kai su yar da jiki, ni ina ba da kai in riƙe jiki, sai aka haɗa mu a bidiyo ɗaya. Wallahi na ji wa tsuntsayen nan ciwo, don tun muna yara su ke share mana mahauta.

Na faɗa wa duk wanda ya tsaya. Amma wa zai tsaya? Mutum ya hango hayaƙina sai ya tsallaka titi. Yara suna wucewa suna buɗe hannuwa kamar fiffike, suna "Opete! Opete!" Wanda ya ci zabona shekara da shekaru ya zo ya tsaya nesa yana tofar da yawu, wai yanzu ya gane abin da ya sa cikinsa ke ciwo. Na rage yanka, na sake ragewa, har ya zama abin da nake kai wa Mma Lariba bai kai a hura masa wuta ba. Abin da bai sayu ba mu ci a gida, har 'ya'yana suka fara roƙon a yi musu miyar kuka ba nama. 'Yan tankas, wato duba-gari, suka zo suka juya komai, suka shinshina, ba su ga komai ba, shugabansu ma ya tafi da rabin zabo a leda. Amma bai hau rediyo ya faɗa ba.

Sai ƙungiyarmu ta masu gashi ta kira taro bayan azahar. Shugabanmu Alhaji Mumuni, mutumin kirki ne, tsoro ne kawai ya kama shi, ya ce an yanke shawara: daga yau kowa ya bar kai da ƙafa a jikin tsuntsu, mai saye ya gani da idonsa. Kowa ya ce madalla. Na ɗaga hannu na ce, "Alhaji, matan da ke fige mana fa?" Ya ce, "Isaka, ana ta kai wa yake ta kaya? Su yi haƙuri har ƙura ta lafa." Na ce, "Kan da ake ta shi ai nasu ne." Aka yi dariya, ni ban yi ba. Na ce musu kakanninmu ba wawaye ba ne da suka ce ungulu da kan zabo. Tun zamanin da an san mai son cuta zai iya liƙa kai. Wanda ya riga ya yarda ku macuta ne, kai ba zai sauya masa ra'ayi ba. Haka kuwa aka yi, don ba a jima ba aka fara cewa da tsinken sakace suke maƙala kawunan. Na ce ni dai ba zan cire abinci daga bakin tsohuwa don in wanke kaina daga laifin da ban yi ba. Na ɗauki hulata na fita. Ni kaɗai na rage a layin nan mai zabo ba kai, kun ga kuwa na ƙara wa kaina baƙin jini.

Maame Serwa ta yi haƙuri iya nata, ba zan ci amanarta ba. Amma abin ya fara taɓa shagonta, ana cewa ita ke ɓoye ni. Wata safiya ina kankare raga ta fito ta tsaya da hannu a ƙugu.

"Abochi Isaka, kowa ya bar kai, kai ka ƙi. Ina kawunan naka suke zuwa?"

"Wurin mai figa, Maame. Ladanta ne."

"Wace ce? A ina take? Kai ni in gani."

Na ci gaba da kankare ragata. Gidan Mma Lariba bai fi jifa biyu daga bolar nan ba. Tsohuwa ce, gwauruwa, ga tulin gashin tsuntsu a bayan ɗakinta, ga tukunya kullum a wuta. Kun san abin da ake kiran irinta in gari ya ɗauki zafi. Da na faɗi sunanta, kafin magariba masu waya sun cika mata gida, wanda zai fara jifa kuma ba a rasa shi. Na ce, "Maame, ba zan kai kowa ba."

Ta ce, "To ka ji. Ko ka bar kai a jikin akomfem ɗinka kamar kowa, ko ƙarshen wata ka ɗauke teburinka. Akwai mai son kafa kiyos na tura kuɗi a nan." Akomfem shi ne zabo a bakinsu.

Na ce, "Allah ya kai mu ƙarshen watan."

Ku sani, in na bar wurin nan da sunan Opete a kaina, babu mai ba ni gaban shago a Kumasi, ko a bakin kwata ne. Matata ta yi magana, 'yan'uwa suka yi, har limaminmu ya ce lalura tana halatta abin da aka hana. Na ce Malam, lalurata ce, ba tata ba, me zai sa ita ta biya? Tsoro kam na ji shi, har abinci ya daina yi mini daɗi. Amma duk safiya in na kai zabi, sai in ce wa Mma Lariba kasuwa ce kawai ta yi sanyi. Sauran masu gashi sun riga sun janye mata kai da ƙafa, nawa ne kaɗai ya rage mata.

Asabar ta ƙarshen wata, da la'asar, na hura wuta ina jiran mai aboboya, babur ɗin nan mai ɗaukar kaya, ya kawo mini zabina daga wurin figa. Sai ga shi ya tsaya, ga Mma Lariba zaune a bayan, ta rungume kwano a cinya. Tunda nake ban taɓa ganinta a bakin titin nan ba. Na kama ta ta sauko, ta dire kwanon a kan teburina, ta yaye zanen da ta rufe shi. Zabi ne fes, kowanne da kansa da ƙafafunsa.

Ta ce, "Gasa su haka."

Na ce, "Mma, wa ya gaya miki?"

"Ido ne ya fara mutuwa, kunnena yana nan. Za a kore ka saboda kan tsuntsu, kana zuwa kana yi mini ƙaryar kasuwa? Na yafe, Isaka. Duniya da lahira na yafe."

Na jawo katako, na ɗauki wuƙar Baba Gariba, na kwantar da na farko, ƙas, kai ya fita. Ƙas, ƙas, ƙafafu. Na zuba a kwanonta. Na jawo na biyu.

"Kai ɗan nan! Ba ka ji abin da na ce ba?"

"Na ji, Mma. Da yunwa kika yafe, ba da son rai ba. Baba Gariba bai ce mini sai ranar da kasuwa ke da kyau ba."

"Taurin kai kamar tsohon zabo! Ka ci me, ka ba 'ya'yanka me?"

Muna cikin haka tasi ta tsaya. Kun san Asabar ranar jana'iza ce a Asante. Maame Serwa ce ta dawo da ƙawayenta, duk sun sha baƙi da ja, ga mai kiyos ɗin yana jiranta a bakin shago da tef ɗin awo a hannu. Ta hango wuƙa tana sauka a wuyan tsuntsu, ta taho kamar za ta tashi sama.

"Abochi! A gaban idona ma? Yau ɗin nan za ka..."

Sai ta tsaya. Ba ni take kallo ba, tsohuwar take kallo.

"Ei! Akomfem Maame! Me kike yi a nan? Kullum sai na aika kasuwa a ce kayanki sun ƙare. Miyata ta lalace, maigidana har ya fara tambaya ko na sake hannu!"

Mma Lariba ta gyara mayafi ta ce, "Kayan ne babu, Maame. Sauran sun hana ni, wannan kuma kun hana shi ciniki."

"Wane wannan?"

"Wannan da kike kora. Kawunan zabinsa kike saye a wurina tun babbar 'yarki tana goye."

Ni kaina a ranar na sani. Ashe duk shekarun nan jiki yana gaban shagonta, kai yana cikin tukunyarta, ita ba ta sani ba, ni ban sani ba.

Maame Serwa ta sa hannu a kwanon ta ɗauko kai ɗaya. Ta juya shi. Ga ɗan ƙahon nan na ƙashi a tsakiyar ka, ga jan leɓen nan biyu a gefen baki. Babu wanda zai koya mata kan zabo, ta tsotsi ƙashinsa fiye da duk wanda ke titin nan. Ɗaya daga cikin ƙawayenta ta fashe da dariya har tana dafa mota, ta ce da Tonanci, to Serwa, in opete ne ai ke kika fi kowa ci. Mutane sun fara taruwa, an ɗaga wayoyi. Na ga fuskar Maame ta yi nauyi, na ce a raina shi ke nan, kunya za ta sa ta ƙarasa ni.

Sai ta tattare zanen jana'izarta, ta zauna a bencin nan, daidai inda kai mai jar riga kake zaune. Ta ce, "Gasa mini ɗaya. Ka sa yaji sosai."

Ban yi gaggawa ba. Na tsaga, na danne, na shafa mai, na fara da gefen ƙashi, na rufe da takarda. Ta jira, titi ya jira. Da ya nuna na yanka mata a takarda da albasa, mace mai jikoki, mai shago, ta zauna a bakin titi da kayan makoki tana cin zabo da hannu, tana kallon duk mai waya ido cikin ido. Ƙawayen suka matso, kowace ta ɗauki yanka. Mai kiyos ya zo ya ce, "Maame, in fara awon?" Ko juyowa ba ta yi ba, ta ce masa wurin yana da mai shi.

Kada ku ɗauka washegari layi ya dawo. Ƙarya ta fi gaskiya saurin ƙafa, wancan bidiyon ya je ko'ina, na Maame bai wuce unguwa ba. Sai da aka yi wata da watanni ana dawowa ɗaya-ɗaya, wasu har yau ba su dawo ba, Allah ya raka taki gona. Sunan kuma ya zauna, na bar shi, don duk wanda ya kira ni da shi sai ya ji labarin nan ko yana so ko ba ya so. Amma abin da nake so ku riƙe ya faru ne kafin Maame ta tashi daga bencin.

Ta gama, ta suɗe yatsu, ta leƙa kwanon da kawunan ke ciki. Ta ce, "Abochi Isaka, juye mini waɗannan a leda. Gobe Lahadi, ina da baƙi, fufu zan daka."

Na ce, "Ba nawa ba ne, Maame. Ga mai su nan."

Ta dube ni, ta dubi tsohuwar da ke tsaye da silifas ɗaya ja ɗaya shuɗi. Sai ta miƙe, ta ɗora bayan hannun dama a tafin hagu yadda mutanen Asante suke yi in suna roƙo, ta ce, "Mma, don Allah."

Mma Lariba ta jawo zanenta ta rufe kwanon, ta ɗora shi a ka, ta ce, "A kasuwa nake sayarwa. Ki zo da safe, ki bi layi."